Riverside Museum na Glasgow: in ka je kar ka tsaya a wajen motoci kawai

Jama'a duk wanda hanya ta kai shi Glasgow don Allah ya ware rabin yini ya leƙa Riverside Museum, gidan tarihin ababen hawa, shiga kyauta ne. Mutane na rububin tsofaffin motoci da jiragen ƙasa, ni kam jiragen ruwa ne suka riƙe ni.

An buɗe gidan a 2011, Zaha Hadid ce ta zana shi, amma abin da ya fi taɓa ni shi ne filin da aka gina shi a kai, daidai inda kogin Kelvin ya haɗu da Clyde, nan kamfanin A. & J. Inglis yake ƙera jirage a da, su suka yi jirgin ruwan Waverley wanda har yau yake ɗaukar fasinja. A ciki akwai ƙananan samfurin jirage, wasu a kan wani bel suna zagayawa a gabanka, aikin hannu ne kamar ka ce yanzu za su tashi. Kana kallo kana tuna cewa a wannan kogin na Clyde, can Clydebank, kamfanin John Brown ya ƙera manyan jiragen fasinja Queen Mary a 1934 da QE2 a 1967, alhali asalin kogin ma ba shi da zurfi, haƙa shi aka yi ta yi shekara da shekaru kafin manyan jirage su iya shigowa.

Sai Glenlee da ke ɗaure a bayan ginin. Jirgin dakon kaya ne mai amfani da iska, an ƙera shi a Port Glasgow a 1896, sojojin ruwan Sifaniya sun daɗe suna horar da kurata da shi kafin a dawo da shi gida a 1993. Ka sauka can ƙasa inda ake loda kaya, ka kuma duba gadajen ma'aikata, wallahi sai da jikina ya yi sanyi, a ce mutum ya yi watanni a teku a wannan ɗan lungu.

Ka sa rigar sanyi fa, iskar bakin kogin ba ta wasa. Da na fito na tsallaka sabuwar gadar ƙafa zuwa Govan, unguwar da ma'aikata suka ƙi barin aiki a 1971 da aka so rufe kamfanoninsu, Jimmy Reid na cikin jagororinsu. Har yanzu kamfanin BAE na ƙera jiragen yaƙi a can, amma ranar da na je kogin tsit yake, sai tsuntsaye.