Makilin Sensodyne ga mai janyewar dasashi: ina amfaninsa ya tsaya?

A Kano, duk wanda ya shiga kemis ya ce haƙorinsa na zogi in ya sha ruwan sanyi, ko in ya yi alwalar asuba lokacin hunturu, da wuya ya fito ba a miƙa masa Sensodyne ba. Ya fi makilin na yau da kullum tsada, don haka ya kamata mai saye ya san abin da kuɗinsa zai yi masa.

Saiwar haƙori ba ta da farin ɓawon nan mai tauri da ke rufe samansa. Idan dasashi ya ja baya, saiwar ta fito fili, ga shi kuma jikinta cike yake da ƙananan ƙofofi masu kaiwa ga jijiya. Ta nan sanyi da tsami da zaƙi ke tayar da zogi. Irin Sensodyne mai sinadarin fotashiyam naitiret kashi 5 cikin 100 jijiyar yake kwantarwa, kuma sai an yi kusan sati 2 ana gogawa safe da dare kafin a ji bambanci sosai. Wasu ire-irensa, kamar Repair & Protect, ƙofofin suke toshewa. A wannan aikin ba mu ga abin kushewa ba, muddin an yi amfani da shi daidai: a matsa kamar ƙwayar gyaɗa, a goga na minti 2, a tofar, kada a kurkure baki. Nan ne mutane da yawa ke asara, domin suna gama goge baki sai alwala, ruwa ya wanke maganin. Gara a fara alwala, ko a ba gogawar dare kafin kwanciya muhimmanci.

Amma ba ya dawo da dasashi. Babu makilin da ke yin haka, kowane kamfani ne ya yi shi. Haɗarin ma shi ne zogi ya lafa, mutum ya saki jiki, abin da ya kawo matsalar kuma yana nan yana ci.

Sababi na farko na janyewar dasashi shi ne buroshi mai tauri da dirza gefe zuwa gefe da ƙarfi, balle in an haɗa da gawayi, toka ko gishiri don haƙori ya yi fari. Busasshen aswakin da ba a jiƙa ba, ba a kuma tauna kansa ya yi laushi ba, shi ma yana yi. Irin wannan ya fi bayyana a fiƙa da haƙoran da ke bayanta, sau da yawa a ɓangaren hagu ga mai amfani da hannun dama. Gyaransa buroshi mai laushi, a karkata shi zuwa bakin dasashi, a riƙa motsa shi a hankali. Na biyu ya fi muni: dattin da ya daskare a gindin haƙori ya kumbura dasashi har ya fara cin ƙashi. Alamarsa jini in an goge baki, wari, daga baya haƙori ya fara girgiɗi. Shan taba da ciwon suga suna ƙara masa gudu. Wannan sai wankin haƙori a asibiti, wani lokaci har da kankare saiwa bayan allurar kashe zafi.

Likita ba da ido kawai yake yanke hukunci ba. Yana da siririn ƙarfe mai zanen milimita da yake auna ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi. Milimita 1 zuwa 3 lafiya ne. Sannan ya sa janyewar a aji. A rabe-raben da wani likitan haƙori mai suna Miller ya fitar a 1985, aji 1 da 2 su ne waɗanda naman da ƙashin tsakanin haƙora ba su taɓu ba, kuma tiyata na iya rufe saiwar gaba ɗaya, yawanci ta hanyar yanko ɗan nama daga ganɗa a dasa a wurin. A aji 3 tsakanin haƙoran ya fara zaizayewa, rufewar ba za ta cika ba. A aji 4 ba a sa ran rufewa, sai dai a tsayar da cutar. Likitoci da dama yanzu sun koma tsarin wani likitan mai suna Cairo na 2011 mai aji 3, wanda shi ma lafiyar tsakanin haƙoran yake dubawa. Ba kowace janyewa ce ke buƙatar tiyata ba, amma ba a kemis ake gane hakan ba. Sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala duk ana iya zuwa a duba.

Ga wanda dasashinsa ya ɗan ja baya saboda dirza, ba jini ba kumburi, Sensodyne da buroshi mai laushi sun cancanci kuɗinsu. A dai duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali. Wanda kuwa zoginsa a haƙori ɗaya yake, ko yana tashinsa daga barci, ko ya yi wata guda yana gogawa ba sauƙi, mai yiwuwa rami ne ko tsagewa, kuma hoton haƙori yake buƙata kafin ya sake sayen wani kwalin.