Mockito ko AspectJ: wanne ya dace da gwajin haɗuwar sassan manhaja?

Malam, tambayar da ka aiko daga Tahoua ta shafi manhajar da kuke rubutawa da yaren kwamfuta na Java domin wani kantin magani, mai sashen sayarwa da sashen karɓar kuɗi ta waya. Kana son sanin wanne ya fi dacewa tsakanin Mockito da AspectJ, kayan aiki biyu na masu rubuta manhaja da Java, wajen gwada abin da zai faru idan rezo ya ɗauke ana tsakiyar biya.

Mockito yana ɗauke sashen karɓar kuɗin ne gaba ɗaya, ya ajiye na bogi a gurbinsa, wanda ba ya ba da amsa sai wadda ka tsara masa. Yana da sauri da sauƙin karantawa, amma abin da ka gwada shi ne sashe ɗaya tare da zatonka game da ɗayan, ba haɗuwarsu ba.

AspectJ kuwa ya samo asali daga dabarar AOP, wato cusa ƙarin umarni daga waje a zaɓaɓɓun wurare cikin manhaja, wadda Gregor Kiczales da abokan aikinsa na cibiyar bincike ta Xerox PARC suka gabatar a 1997, shi kansa ya fito a 2001. Yana barin sassan biyu na ainihi suna aiki, sai ya saƙa umarnin gwaji a mahaɗarsu, ko dai lokacin harhaɗa manhajar (wato mayar da rubutunta zuwa abin da kwamfuta za ta gudanar) ko lokacin loda ta, ba tare da an taɓa rubutunta na asali ba. Ta haka za ka iya jinkirta amsa da daƙiƙa 30, ko ka katse kiran bayan an cire kuɗi amma kafin rasit ya fita, wanda a ganina nan ne babban haɗarin yake, domin nan ne mai saye kan biya sau biyu.

Aibinsa shi ne yawanci da sunaye yake gane wurin da zai kama. Idan wani ya sauya sunan wurin a cikin rubutun manhajar, saƙar ba za ta kama komai ba, gwajin kuma zai iya wucewa lami lafiya alhali bai gwada komai ba. Manhajar harhaɗawarsa takan yi gargaɗi, sai dai gargaɗin kan ɓace cikin sauran saƙonni. Kada kuma ka ɗauka Spring AOP, wani kayan aikin Java mai irin wannan dabarar, zai maye gurbinsa, domin ba ya ganin kiran da sashe ya yi wa kansa daga ciki.

Shawarata ita ce ka bar wa Mockito lissafin farashi da ragi, ka keɓe AspectJ ga katsewar rezo, sannan ka sa kowane gwaji ya ƙirga sau nawa saƙar ta yi aiki, ya faɗi idan adadin sifiri ne.