D&D Beyond: manhajar tana aikinta, amma ni dai wasan ya fita raina

Na daɗe ina biyan kuɗin D&D Beyond, manhajar wasan Dungeons & Dragons, duk wata, kwanan nan na tsayar, shi ne nace bari in rubuta yadda na same ta tunda nasan a Kano akwai ƴan tsirarun da ke buga wasan nan, kuma wasu sun sha tambayata ko ta cancanci mutum ya zuba mata dala a wannan marrar.

Ga wanda bai san wasan ba, sunansa Dungeons & Dragons, a Amurka aka fito da shi a 1974, Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙirƙiro shi. Mutum huɗu ko biyar ake zama, ɗaya shi ne mai jan labari, shi ake cewa DM, sauran kowa ya ɗauki jaruminsa. Kamar tatsuniya ce amma wadda masu sauraro ke da ta cewa a ciki, mai jan labari zai ce kun iso bakin kogo kun ji gurnani, kai kuma kace ni zan leƙa, sai a jefa dayis, wato irin ɗan lido, mai fuska 20 a ga ko ka tsira ko ka jawo wa kowa bala'i. Ba a cin kowa, ba kuɗi a ciki, surutu ne da lissafi da dariya.

Mu da littafin takarda muka fara. Yayan wani abokinmu ne ya taho da littafin dokokin wasan, Player's Handbook bugun 2014, da ya dawo daga karatu a waje, guda ɗaya tak, shafi 320, mai nauyi da bango mai kauri, da ƴar jaka ta dayis. Muka kai shi wajen masu fotokwafi a Kabuga aka cire mana shafukan da kowa ke buƙata, mai shagon yana ta kallon hotunan dodanni yana kallonmu, bai dai ce komai ba. A soron gidansu abokin namu muke zama bayan isha'i, kan tabarma, littafin yana yawo hannu zuwa hannu, in kana son duba wani abu sai ka jira wanda ke riƙe da shi ya gama, kafin nan an yi musu an ƙaryata juna an aiki yaro wajen mai shayi. Takardar jarumina har ta huje a gurin da ake rubuta sauran ƙarfin jiki saboda gogewa da kilina, sai da na manna mata wata ƴar takarda ta baya.

To sai manhajar ta shigo. Tsakani da Allah tana aiki. Ƙirƙirar jarumi da a takarda yake cinye mana dare guda, a nan kafin shayi ya huce ka gama, ka zaɓi irin halittar jarumin ka zaɓi ajinsa, kamar mayaƙi ko matsafi, ita ta yi maka duk wani tarawa da ɗebewa, in ka hau mataki ta gyara komai da kanta. Neman doka kuwa ba a magana, ka rubuta sunan abu ya fito, ba sauran buɗe-buɗen shafi ana cewa ina jin a wajen ƙarshe yake. Kana iya sauke littafin da ka saya a cikin manhajar wayar ka karanta ko ba data, wannan ya min daɗi sosai dan sabis a soron nan sai ka ɗaga waya sama. Kyauta ma ana ba ka damar jarumai 6 da dokokin farko, ya ishi wanda yake son ya ɗanɗana. In kuma ɗaya daga cikinku ya biya babban tsarin da suke cewa Master, littattafan da ya saya sai su buɗe wa duk ƴan tawagarsa, to ni ne na ɗauki wannan nauyin, lokacin kusan dala 6 ne a wata.

Akwai wani amfani da masu manhajar ba su ma san sun yi mana ba. Dayis a garin nan abin zargi ne. Wani dattijo maƙocin gidansu abokin namu ya taɓa tsayawa a bakin soron yana jin ƙarar abu na gangarawa a kan faranti yace “kai samari, caca kuke yi a gidan mutane?” muka miƙe muna “a'a Baba, wallahi ba ko sisi a ciki, labari ne kawai”, ya ɗauki mai fuska 20 ɗin ya jujjuya yace shi dai bai taɓa ganin ɗan lido haka ba, Allah ya shirya. Da muka koma jefawa a waya wannan ya wuce, duk wanda ya leƙo samari zai gani suna danna waya kamar kowa.

Kuɗi fa? Nan ne za ka yi tunani. Littafin takarda kusan dala 50 ne banda kuɗin kawowa, na manhaja kusan dala 30, ka ga kamar sauƙi. Amma wancan tsohon littafin da ke hannunmu bai ba mu komai a manhajar ba, sai da na sake sayensa. Sannan a 2022 bankuna da yawa suka rufe sayayyar waje da katin naira, lokacin sai ka nemi katin dala ko ka roƙi wani na waje ya biya maka ka tura masa, 2023 kuma aka saki naira, dalar da gwamnati ke bayarwa ɗari huɗu da wani abu ta wuce 1,500 a 2024. Dala 6 ɗin nan da a da ba na ma lura da fitarta ta koma abin da sai na duba asusu kafin ranar. Ga data, ga caji, in an ɗauke wuta tun rana kowa ya zo da waya a kashi goma sha wani abu ana rigimar fawa bank guda ɗaya.

Abin da ya fi tsaya min shi ne me na saya ma tukunna. Ba PDF ake ba ka ba, izinin karantawa ne a cikin gidansu, ba za ka sayar ba in ka gaji, ba za ka ba ƙaninka kyauta ba, yana maƙale da asusunka. A 2022 Hasbro, uwar kamfanin da ke da wasan, ta sayi D&D Beyond ɗin kanta a kan dala miliyan 146.3, a 2024 kuma da sabon bugun littafin mai shafi 384 zai fito suka sanar za a maye gurbin wasu abubuwan 2014 a takardun jarumai da sababbi, mutane suka yi ca, suka janye. Sun kyauta da suka saurara, amma ni daga nan na gane abin da ke waya ana iya taɓa shi kana barci. Mu nan ai ba baƙon abu ba ne, masu karatun littattafan Hausa sun ga yadda manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks ta rufe a ƙarshen 2023, kuma duk wanda ya san Ƙofar Wambai lokacin da kaset da CD ke tashe ya san yadda kasuwar fim ta koma hannun masu turawa a waya. Na takarda shi ma yana da nasa, ƙurar hunturu ta shige shi, gara na jiransa, damina ɗaya in rufi na yoyo an gama, amma dai ba mai zuwa ya canja maka shafi na 200.

Yanzu maganar da ta sa na tsayar da biya, dan ba kuɗin ne kaɗai ba. Tunda kowa ya samu komai a wayarsa kai ya koma ƙasa. Mai jan labari yana ta ƙoƙarin kwaikwayon muryar wani tsohon sarki, ka ɗaga ido ka ga fuskoki huɗu haske na dukansu, ɗaya wai yana duba takardar jaruminsa ashe sakamakon ƙwallo yake dubawa, ɗaya saƙon WhatsApp ya faɗo masa ya tafi kenan, sai an ce kai ake jira yace “me aka ce?” Musun doka da nake ganin ɓata lokaci ne ashe shi ke riƙe da zaman, yanzu kafin a fara wani ya karanto amsa, shikenan an yi shiru. Jefa dayis ma, a faranti kowa sai ya sunkuyo, in ya tsaya a 1 ihu har waje, a waya kuwa mutum ya danna shi kaɗai yace “sha bakwai” kamar mai karanta lambar mita.

Daga nan sai wani yace tunda komai na waya me zai sa ya hau adaidaita daga Hotoro zuwa Kabuga da daddare, ga kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, mu koma Discord mana, manhajar hira da murya, kowa daga ɗakinsa. Magana ce mai hankali, ba wanda ya musa. Amma rabin zaman ya koma “kuna jina?” “ka katse”, “sake faɗa”, ana cikin faɗa da dodo sai ka ji kukan jariri ko janareton maƙota. Kuma fashi ya zama ba komai, da in ba ka zo soro ba sai an biyo ka gida, yanzu saƙo ɗaya ne, “yau ba zan samu dama ba”, wani ya sa hannu a ƙasa, wani ma ya sa, an ɗage. Da jan labarin ya dawo kaina sai na ji kamar aikin ofis na ƙaro wa kaina, in wuni gaban kwamfuta in dawo in sake buɗe ta ina jera dodanni. Akwai ranar da aka ɗage na ji daɗi a raina, to ka ga ai magana ta ƙare.

Nasan wani zai ce girma ne kawai, kuma da gaskiyarsa, ɗaya ya yi aure, ɗaya bautar ƙasa ta kai shi kudu, ɗaya yana tsaron shago a Kwari sai magariba yake samun kansa. Amma dattawan da ke buga dara a gindin bishiya a unguwarmu sun fi mu iyali da hidima kuma kullum la'asar suna nan, dan ba yadda za a yi ka buga da su sai ka je.

Wanda tawagarsa ta riga ta watse gari-gari, ko mai jan labarin da lissafi ke ba shi wahala, manhajar za ta yi masa rana, ba na hana shi. In kuwa kuna gari ɗaya kuna iya haɗuwa, ku yi amfani da na kyautar ku ƙirƙiri jaruman, akwai inda ake fitar da takardar a PDF, ku kai a buga muku ita, ku haɗa kuɗi ku sayi littafi ɗaya da dayis, wayoyi kuma a tara su a gefe. Wanda ya riga ya shiga biyan wata-wata yana son fita, littattafan da ka saya suna nan a asusunka ko ka tsayar, rabawa da abokai ce ke tsayawa, sai dai ka duba ranar da ake cire kuɗin ka tsayar kafin ta zo.