Sharhi: rigar nutso mai kaurin milimita 5 a ruwan Dahab

Rigar haya ce ta ishe ni, shi ya sa na sayi tawa. Ta haya ta sha hannu, duk ta saki a hammata da gwiwa, ruwa na shiga yana fita kamar kwando. Alhali ana so ne ɗan ruwan da ya shiga tsakanin riga da fata ya tsaya cik, jiki ya ɗumama shi, ƙananan kumfan da ke cikin niyofirin, wato robar da ake yin rigar da ita, kuma su tare zafin. In riga ta yi maka yawa, komai kaurinta sai sanyi ya ratsa ka.

Doguwa na ɗauka, har wuyan hannu da idon sawu, zif ɗinta a baya. A Dahab, bakin Bahar Maliya a ƙasar Masar, ruwa kan sauko zuwa digiri 21 ko 22 a watan Fabrairu. A baki kamar ba komai, amma ruwa ya fi iska zuƙe zafin jiki nesa ba kusa ba. Abokin nutsona mai rigar milimita 3 ya fito haƙora na kaɗawa, ni kuwa ko a jikina. Sai da muka kai zurfin mita 18 na ɗan ji sanyi a ƙirji, don a can ruwa na matse robar, kaurinta ya ragu.

Sakawa ce aiki, sai ka yi gumi sharkaf. Wani Bamisire mai koyar da nutso ya nuna min dabara: ka zura ƙafa cikin leda, sai ta sulale. Ga shi riga mai kauri tana taso da mutum sama, dole na ƙara dalma a ɗamara don nauyinta ya sa in nutse, kuma tafiya zuwa bakin ruwa da tukunyar iska a baya ba wasa ba ce. Wuyanta ma ya goge min fata da farko, kafin ya yi laushi.

A watan Agusta kam ta yi nauyi, mai milimita 3 ta wadatar.

Duk wanda zai saya, ya je shago ya gwada da kansa, kada ya dogara da hoton intanet. Ya tsuguna, ya ɗaga hannuwa, ya ja dogon numfashi. Ta kama jiki tsam, amma kada ta shaƙe wuya. Bayan an fito a ɗauraye ta da ruwan famfo a shanya a inuwa, don rana na busar da robar har ta tsage.