Gashin burodi ba alkama: abin da na tarar a Ingila da abin da na baro a Kano

Yaya, kin nemi in rubuto miki dalla-dalla yadda muke ciyar da 'yarki tun da likitoci a nan Mancesta suka tabbatar cewa jikinta ba ya karɓar alkama, domin ki san shirin da za ki yi kafin mu iso Kano hutun Babbar Sallah. Abin ya fara ne da borin jini da kumburin leɓe duk lokacin da ta ci burodi ko taliya, har aka yi mata gwajin fata da na jini, aka kuma ba mu allurar gaggawa ta adirenalin wadda muke yawo da ita a jaka duk inda za mu.

Abin da Ingila ta fi mu da shi nesa ba kusa ba shi ne rubutun jikin kaya. Doka ta wajabta wa masu sarrafa abinci su fito da sunayen abubuwa 14 da ke tayar wa mutane da irin wannan ciwo, alkama na cikinsu, kuma yawanci da baƙaƙe masu kauri ake rubuta su. Tun watan Oktoba na 2021 dokar ta haɗa har da abincin da ƙananan shaguna ke naɗewa da kansu su ajiye a kanta. Ba a yarda a ce abu ba shi da gulutin ba, wato sinadarin da ke sa kwaɓin fulawa danƙo, sai idan bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Sai dai akwai tarko a nan wanda na so faɗawa: wasu kayan da aka rubuta ba su da gulutin da sitacin alkama ake yin su bayan an wanke gulutin ɗin, saboda an yi su ne domin masu ciwon hanjin da ake kira siliyak, alhali ita yarinyar nan alkamar ce baki ɗaya ba ta so. Saboda haka ba na tsayawa ga babban rubutun gaba, sai na juya leda na karanta jerin kayan haɗin.

Manyan kantuna irin su Tesco da Sainsbury's suna da layi guda na irin wannan abinci, amma burodinsu ƙarami ne, kuɗinsa ya ninka na sauran, ga shi yana marmashewa tun kafin a shafa masa man shanu. Wannan ne ya mayar da ni gashi a gida. Garin da nake saye haɗi ne na shinkafa da dankalin Turawa da rogo da masara, kuma tunda ba shi da danƙon kansa, sai an zuba masa rabin ƙaramin cokali zuwa cokali guda na wata hoda mai suna zantan gam. Burodina na farko na murza shi kamar yadda muka saba murza kwaɓin fanke, na hana shi ruwa don ya kamu a hannu, ya fito daga obin kamar tubali, har maigidan ya tambaya ko ginin katanga zan fara. Daga baya na gane cewa wannan kwaɓi ruwa yake so, sai ya yi kauri irin na ƙullin waina a zuba shi a gwangwani, ya tashi sau ɗaya, a gasa, kuma kada a yanka sai ya huce sarai.

A nan ne Kano ta dawo mini a rai, domin abin da nake biyan kuɗi mai yawa ina koyo, iyayenmu sun gama shi tuntuni. Waina da sinasir da ƙosai da alale da fura duk asalinsu babu alkama, kuma yauƙin da nake saye a 'yar roba shi ne aikin da kuka take yi a ɗanwake. Acha da ake aunawa a kwano a Dawanau, a nan cikin 'yar jaka ake sayar da ita a shagunan masu kula da lafiya, da farashin da zai sa ki riƙe baki. Gero da dawa kuwa sai na je shagunan Indiyawa nake samun garinsu, kuma bai kai namu ƙamshi ba.

Abin da ke damuna game da gida shi ne injin niƙa. Injin da ya gama niƙa alkamar funkaso ko ta alkaki shi ne zai karɓi shinkafarki ba tare da an wanke shi ba, kuma ragowar da ta maƙale a ciki ta isa ta tayar wa yarinyar nan da ciwo. Haka masu sayar da garin ɗanwake da yawa yanzu suna haɗa shi da fulawa, wasu masu waina ma suna barbaɗa ta don ƙullin ya kama, ga shi babu wata takarda a jikin kwano da za ta gaya miki.

Don haka roƙona, Yaya, shi ne ki auno shinkafar tuwo da gero da wake da kanki, a gyara a gida. Ki sayi sabuwar rariya da sabuwar tanda a keɓe su, kada su haɗu da kayan cincin ɗin Sallah, man da aka soya fanke a ciki ma kada a soya mata ƙosai da shi. Ƙaramin injin niƙa zan taho da shi, tare da hodar zantan da za ta ishe mu wata guda. Ki kuma yi wa su Inna bayani tun yanzu cewa gurasa da semo ba nata ba ne, ko da za ta yi kuka a gabansu.