Ya naɗe min kwalin Commodore 64 da salatif, har yanzu abin yana ci min rai

Sati uku kenan da isowar kayan nan, da gangan na ƙi rubuta komai a ranar da suka zo sabida na san in na rubuta a lokacin ba zan yi wa mutumin da ya sayar min da su ta intanet adalci ba, raina a ɓace yake sosai. Yanzu na ɗan huce, amma ɗan hucewa ne kawai, duk sanda na ɗaga kai na kalli saman kantar da na ajiye kwalin sai abin ya dawo min sabo.

Abin da na saya tsohuwar kwamfutar gida ce, Commodore 64 ta farkon fitowa, mai kaurin nan ruwan ƙasa-ƙasa, ba siririyar fara da suka sake fitarwa a 1986 ba. Da ita da na'urar kaset ɗinta Datasette, hannun gem guda ɗaya, adaftar wuta, da kaset na gem guda huɗu: The Last Ninja, Boulder Dash, Impossible Mission da IK+. Duk wannan ba shi ya sa na biya kuɗin da na biya ba, masu harkar nan sun san kwamfutar ita kaɗai ba wuyar samu take ba, an yi ta miliyoyi tun daga 1982 har kamfanin ya durƙushe a 1994. Kwalin ne ya ja ni. Kwalinta na asali, da farin kumfan nan na ciki guda biyu, kuma lambar da ke jikin kwalin ta yi daidai da lambar da ke ƙasan kwamfutar, wato tun ranar da ta fito daga masana'anta ba su rabu ba. Na fi shekara shida ina neman irin wannan haɗin. A hotunan da mai sayarwar ya saka a tallansa kwalin lafiyayye ne, ɗan gogewa ne kawai a kusurwa ɗaya, launinsa bai ma koɗe ba.

Kafin in biya sai da na rubuta masa, kuma saƙon yana nan ban goge ba, na ce masa dan Allah a samo wani kwalin babba a saka wannan a ciki, a cika gefe da takardu, in da ƙarin kuɗin aikowa ni zan biya. Ya amsa da cewa ba damuwa ya saba aika irin waɗannan kayan.

Ranar da aka miƙo min kaya wallahi sai da na tsaya a bakin ƙofa na kasa motsi. Babu wani kwali na waje. Kwalin nata na asali shi ne ya yi tafiyar tsirara, an zagaye shi da salatif ruwan ƙasa mai faɗin nan zagaye wajen bakwai, tsaye da kwance, an manna takardar adireshi a daidai kan hoton kwamfutar, sannan wani a hanya ya ƙara rubuta lamba da baƙar maka a gefe. Kusurwa biyu sun lotsa. Kwalin da ya yi shekara arba'in da wani abu a hannun mutane ba wanda ya cuce shi, kwana tara suka gama da shi.

Na kwana biyu ina aikin cire salatif ɗin nan. Da na'urar busar da gashi nake bi ina ɗumama shi kaɗan kaɗan don gam ɗin ya saki, ina ja a hankali kaman mai cire bandeji daga ciwo, wani wajen ya fita lafiya wani wajen kuma sai ya taho da fatar kwalin, fenti da rubutu duka, ya bar farin tabo. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne na gefen da lambar take, salatif ɗin ya bi ta kanta, da na ɗaga sai ya ɗebo rabin takardar. Lambobi uku na ƙarshe kawai suka rage. Abin da na saya kenan fa, shaidar cewa kwalin nan na kwamfutar nan ne, yanzu sai dai in nuna wa mutum hoton da na adana daga tallan in ce masa da can haka yake.

Na tura masa hotuna, ban zage shi ba ban yi masa rashin kunya ba, na ce Malam ga abin da ya faru kuma ga alƙawarin da muka yi. Amsar da ya bani ita ce ta fi salatif ɗin ciwo, wai ai kwali kwali ne, aikinsa kenan ya kare abin da ke ciki, tunda kwamfuta ta iso lafiya bai ga abin magana ba. Haba. Mutumin da ya rubuta a tallansa da manyan baƙaƙe cewa da kwalin asali, ya kuma ɗora kuɗi a kan hakan, shi ne yanzu yake cewa kwali kwali ne. In da bai san darajarsa ba tun farko da na yi masa uzuri, akwai masu fito da kayan iyayensu daga sito su sayar ba su san komai a kai ba, irin waɗannan ba na jin haushinsu. Shi ya sani.

To a nan na yi niyyar in ba shi tauraro ɗaya a shafin da na saya in wuce. Sai na ce bari dai in kunna tukun.

Ban jona adaftar da ya aiko kai tsaye ba, duk mai riƙe da irin wannan kwamfuta ya san tsofaffin adaftocin nan in suka gaji layin bolt 5 ɗinsu yana hawa sama ya ƙone ƙwayoyin ma'adana ba tare da wata alama ba. Na auna da mita, lafiya ƙalau take bayarwa, duk da haka sabuwa na saka wadda na tanada tun kafin kayan su zo, tsohuwar na goge ta na ajiye don tarihi. Na jona wayar hoto a ramin baya mai zagaye, na danna makunni, jar fitilar nan ta kawo, sai ga shuɗin allo da kewayen shuɗi mai haske, 38911 BASIC BYTES FREE, READY, ga ɗan murabba'in nan yana ƙiftawa. Ban san sanda na zauna a ƙasa ba. Rabona da ganin wannan allon a kan ainihin na'ura tun ina yaro ina zama a bayan yayana ina jiran ya mutu a gem ya miƙo min hannu, kuma ba kasafai yake miƙowa ba sai ya ga zan yi kuka. Na sha kunna ta a VICE, manhajar da ke kwaikwayon Commodore 64, a kan kwamfutar aiki, kuma VICE ba ta da laifi ko kaɗan, amma nauyin maɓallan nan a ƙarƙashin yatsa da warin tsohuwar roba in ta ɗumama, wannan babu shi a can.

Maɓallai duka suna aiki, na bi su ɗaya bayan ɗaya. A nan dole in faɗi gaskiya, ya ce ya gwada ta kuma ya gwada ɗin. Ciki ma da na buɗe tsaf yake ba ƙura ba tsatsa.

Na danna SHIFT da RUN/STOP, ta ce PRESS PLAY ON TAPE, na danna, allo ya ɗauke kaman yadda ya saba. The Last Ninja na fara sakawa don shi ne gem ɗin yarintata, na 1987 daga kamfanin System 3. Da kiɗan lodi ya tashi sai da tsigar jikina ta tashi. Murya uku kacal guntun sautin nan na SID yake da su, amma abin da Ben Daglish da Anthony Lees, waɗanda suka tsara kiɗan gem ɗin, suka fitar daga cikinsa har yau in na ji sai in rasa yadda aka yi, kuma tawa mai tsohon guntun ce 6581, mai kaurin sautin nan da ɗan datti datti a ciki wanda ni shi na fi so. Na bar shi yana ta yi ban ma taɓa hannun gem ba.

Sai kuma abin da ban yi tsammani ba. A cikin gidan kaset ɗin, bayan takardar, akwai wata takarda 'yar ƙarama an ninke ta huɗu, an yago ta daga littafin makaranta. Taswira ce ta matakin farko da biro shuɗi, rubutun yaro, ya zana inda takobi yake, inda ake tsallake kogi a kan duwatsu, ya yi wani abu mai kama da ƙadangare a ƙarshe wato dodon nan da ke tsare bakin kogo wanda sai ka jefa masa bam ɗin hayaƙi ya yi barci kafin ka wuce. A gefe kuma ya jera lambobin kirgen Datasette na inda kowane mataki yake farawa a kaset, don kar ya riƙa lalube. Mu ma haka muke yi sak, yayana a bangon littafin lissafinsa yake rubutawa. Ban san yaron nan ba, yanzu ƙila ya yi furfura, amma a wajen kogin ya zana kibiya ya ja layi uku a ƙarƙashi, na gane nan ne ya sha wuya, domin ni ma a daren nan sau goma sha wani abu ina faɗawa ruwan, tsallen gem ɗin nan ba ya yafe kuskure ko na taki ɗaya. Takardar nan na saka ta a leda mai kauri, a wajena ta fi kaset ɗin daraja. A daren har na ce a raina kai bari in ba shi taurari huɗu, ko ba komai bai jefar da ita ba.

Boulder Dash ya hau ba gardama, na yi awa biyu ina tono ina kwasar lu'ulu'u duwatsu suna danne ni. IK+ ma haka, mutum uku a fili ɗaya suna dambe, har yanzu yana da daɗi kaman jiya aka yi shi.

Impossible Mission ne ya dawo da ni gidan jiya. Na saka, ya yi ta juyawa, ?LOAD ERROR. Na mayar baya na sake, haka. Na goge kan na'urar, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zaren kaset, da auduga da sifirit, na ɗauko ƙaramin sukundireba na daidaita kan ta ɗan ramin nan na sama, juyi kaɗan in gwada juyi kaɗan in gwada, har na fara zargin bel ɗin da ke juya kaset, alhali sauran ukun sun hau lafiya. Sai da na ɗaga kaset ɗin a haske na ga ɗan soson nan da ke danna zare a jikin kai babu shi, ya faɗi tun tuni, gurbin ma ya bushe ya yi baƙi, ba faɗuwar hanya ba ce. Kuma a tallan cewa ya yi duka kaset huɗu an gwada suna aiki. Kaset ɗin da ba soso ba yadda za a yi ya hau, ko sau ɗaya bai saka shi ba. Gyaran ba wuya, na ciro soso daga wani tsohon kaset na manna, ya hau, na ji muryar nan ta farkon gem da ihun da ɗan wasan yake yi in ya faɗa rami, abin da a 1984 mutane suke mamakin wai kwamfutar gida ce take magana. Na ji daɗi, amma daɗin ya gauraya, sabida yanzu na san ba mantuwa ba ce kawai ta kwali, mutumin yana rubuta abin da zai sa a saya ne.

Hannun gem ɗin ma maɓallinsa na hagu sai ka danna da ƙarfi, wannan ban riƙe shi da shi ba, kayan shekara arba'in ne.

Na sake rubuta masa kan kaset ɗin, na kuma nemi ya dawo min da wani abu daga kuɗin ko da bambancin da ke tsakanin mai kwali da marar kwali ne. Ya ce in ban so in dawo da kaya duka ya bani kuɗina. Ya san ba zan dawo ba. Wa zai mayar da kwamfuta mai lafiya irin wannan, da taswirar yaron nan, kuma a sake jefa kwalin a hanya karo na biyu. Daga nan bai sake amsawa ba.

Taurari biyu na ba shi, ɗaya na kwamfutar ɗaya na takardar da bai ma san tana ciki ba. In kwamfutar buga gem kawai kake so ba ruwanka da kwali, kayansa suna aiki, ka dai duba kaset ɗinka da kanka. In kuwa mai tarawa ne irina, kar ka yarda da ba damuwa, ka ce sai ya turo maka hoton kayan a cikin kwali na biyu kafin ya rufe, in ya ƙi ka haƙura. Kwalin nawa na juya shi a kan kanta gefen da bai ji ciwo sosai ba yana kallon waje, tabon maka ɗin ne har yanzu ban samu abin da zai cire shi ba tare da ya ci fentin ba.