Orlan-MKS: Rigar da 'Yan Sama Jannatin Rasha Ke Sawa Su Jefa Tauraron Ɗan Adam da Hannu

Ranar 17 ga Agusta 2017 aka fara fita da Orlan-MKS waje daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Fyodor Yurchikhin ne ya sa ta, abokin aikinsa Sergei Ryazansky kuma yana cikin tsohuwar, Orlan-MK. Sun yi kusan awa bakwai da rabi a waje, suka saki ƙananan taurarin ɗan Adam biyar da hannu, har da Tomsk-TPU-120 da Tanyusha guda biyu. A wannan aiki za mu auna rigar. Hukuncinmu shi ne riga ce mai ƙarko da saurin shiga, amma tana gajiyar da hannu, kuma famfon ruwanta da batirinta sun taɓa tsayar da aiki.

Kamfanin Zvezda da ke Tomilino, kusa da Mosko, shi ke ƙera ta, kuma tun Disamban 1977 ake fita da zuriyar Orlan. Ba a sa ta kamar tufa, shiga cikinta ake yi. Ƙirji da kwalkwali a haɗe suke, na alminiyam, hannaye da ƙafafu ne kawai masu laushi. Jakar baya mai ɗauke da tulunan oksijin, batir da famfo ita ce ƙofa: a buɗe ta kamar ƙofar firji, mutum ya zura ƙafafu, ya sunkuyar da kai ya shige, ya ja ta ta rufe. Cikin minti biyar an gama, ba sai wani ya taya shi ba. Girmanta ɗaya ne, ana ƙara tsawon hannu da ƙafa ko a rage, ta ɗauki mai tsayin santimita 165 zuwa 190. Nauyinta a ƙasa wajen kilo 110.

Babban abin da ya raba ta da rigar Amurkawa shi ne matsin iska. Cikin Orlan zallar oksijin ce, a kusan kashi 40 cikin 100 na matsin da muke ciki a doron ƙasa, ta Amurka kuwa kusan kashi 30. Ribar a fili take. Kafin a fita dole a shaƙi oksijin don naitirojin ya bar jini, in ba haka ba zai yi kumfa a gaɓoɓi. Mai Orlan minti 30 ya ishe shi, Ba'amurke kuwa shirinsa kan ci sa'o'i. To amma yatsu ne ke biyan bashin. Safar hannu da ta cika da iska tana son ta miƙe, duk riƙon da mutum zai yi sai ya yi kokawa da ita. Ga shi dole ya riƙa maƙala ƙugiyoyin igiyoyinsa biyu a jikin tashar, ya cire ɗaya ya matsar, sannan ɗayar, ba a taɓa cire su tare.

Wannan taurin yana shafar jifan kai tsaye. Tauraron na iya zama ɗan ƙarami, kamar Chasqui-1 na ƙasar Peru da Oleg Artemyev ya jefa a Agustan 2014, kilo ɗaya kacal. Mai jifa yakan kafa kansa a bakin ƙofa, a kunna tauraron, a jira izini daga cibiyar kula da ke kusa da Mosko, sannan ya tura shi a hankali zuwa baya, kishiyar inda tashar ta dosa. Dalili kuwa, turawa baya tana ɗan rage masa gudu, sai falakinsa ya sauka ƙasa da na tashar, sauran iskar da ke can sama ta ci gaba da janyo shi, ba zai dawo ya buge su ba. Hannu mai tauri ba ya saki daidai, don haka tauraron yakan tafi yana juyi. Duk mai ƙera tauraron da za a jefa da hannu ya sa wannan a lissafi, ya kuma tuna ARISSat-1 na 2011, da aka fito da shi aka tarar babu eriya ɗaya, aka jinkirta jifan na sa'o'i kafin a sake shi a haka.

Abin da MKS ta gyara da gaske shi ne sanyaya jiki. Tashar tana zagaya duniya cikin minti 90, rana da duhu suna ta musanya, kuma a da mutum da kansa yake murɗa makunnin ruwan sanyi. Yanzu na'ura ke daidaitawa, hankalinsa ya koma kan aiki. An kuma sauya robar da ke riƙe iska da foliyuretan, wani nau'in filastik mai laushi, aka tsara rigar ta yi fita 20, maimakon 15.

Sai dai tsarin ruwan nan shi ne lagon Orlan tun da daɗewa. A Fabrairun 2004 tiyo ɗaya ya lanƙwashe a rigar Alexander Kaleri, tsohon samfurin Orlan-M, zafi ya taru, gilashin fuska ya yi raɓa, aka katse fitar. A Nuwamban 2022 matsalar famfon ruwa ta sa aka soke fitar Sergei Prokopyev da Dmitri Petelin tun ba su buɗe ƙofa ba. Na batir ya fi tayar da hankali: ranar 17 ga Agusta 2022 wutar rigar Artemyev ta fara sauka yana tsakiyar aiki, aka umarce shi ya bar komai ya koma Poisk, sashen tashar da suke fita ta ƙofarsa, ya jona rigar da wutar tashar. In wuta ta ɗauke, fanka da famfo da rediyo duk tsayawa za su yi. Wata guda kafin nan, shi da Samantha Cristoforetti ta Italiya sun saki taurari goma a fita ɗaya, rigunan ba su ba su matsala ba.